Ramzin Malaman Sifawa a Gaban Na'ura

Daga wajen 1810 zuwa 1815, lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake zaune a Sifawa, ƙanensa Abdullahi kuma yana Boɗinga, alƙaluma ba su huta ba. A wannan tsakanin Shehu ya wallafa Najmul Ikhwan, Abdullahi ya tsara Tazyinul Waraƙat da Ida'un Nusukh, inda ya jera malamansa da littattafan da ya karanta a wurinsu. Wato tun a wancan zamani malaman nan sun san cewa ilimi yana bukatar bayanin asalinsa: wa ya faɗa, daga wa ya ɗauko.

Masu fihirisa sun ɗora daga nan. John Hunwick ya fitar da juzu'i na biyu na kundinsa kan rubuce-rubucen Larabci na Afirka a 1995, da sunayen littattafai da wuraren da kwafinsu yake. Charles Stewart na Jami'ar Illinois ya fara zuba irin waɗannan bayanai a kwamfuta tun shekarun 1980, daga wani ɗakin karatu na Butilimit a Muritaniya. Duk an yi aikin ne domin mutum mai ido da hankali, wanda in ya rikice zai nufi Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato ya tambaya.

Yanzu an samu sabon mai karatu. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna shiga rumbun bayanai da kansu, su bincika, su kawo amsa. Tun Nuwamba 2024 akwai ƙa'idar MCP, wadda da ita ake gabatar wa manhaja kowane kayan bincike: sunansa, ɗan bayanin aikinsa, da abin da za a ba shi. Manhajar kamar baƙon ɗan aike take, iyakar saninta da gidan shi ne kwatancen da aka yi mata. In kwatance ya gaza, ba ta cika dawowa ta ce ta ɓata ba, sai ta kawo abin da ta tarar, da cikakkiyar gadara.

A ganina, da abu ɗaya ya kamata a auna ingancin wannan bayani: shin an rubuta abin da malami ya sani a ka, har yake ganin bai kai a faɗa ba?

Ɗauki shekara. Magabatanmu sukan rubuta ta da ramzi, haruffa a madadin lambobi, kuma lissafin Magariba suke bi. A nan harafin shinun 1000 ne, a lissafin Gabas kuwa 300. Shekarar rasuwar Shehu, 1232 bayan Hijira, in aka rubuta ta da shinun, ra, lam da ba, mai bin lissafin Gabas zai karanta 532. Shekara 700 ta salwanta ke nan a harafi guda. Sannan gurbin da aka sa wa suna "shekara" kawai, wace shekarar yake nufi? Ta wallafa, ko ta ranar da mai kwafa ya rubuta tammat a ƙarshen nasa kwafin, wataƙila a zamanin jikokin mawallafin? Ta Hijira ko ta Miladiyya? Jimla biyu sun isa su raba gardama, amma su ne masu gina rumbu suka fi yi wa rowa, domin a wurinsu abin a fili yake.

Sunaye ma haka. Ɗalibi a Shagari zai rubuta Liya'ul Hukkami, yadda ya ji a zaure, alhali fihirisa ta ajiye shi da harafin D, ƙarƙashin Abdullahi bin Fudi. Shi kansa Alhaji Shehu Shagari, a littafin da suka rubuta da Jean Boyd kan Shehu Usmanu a 1978, "Uthman" ya sa a bango. Bayani nagari zai ce a nemi mutum da duk sunayensa, kuma amsar "babu" ba ta nufin littafin ba ya duniya.

Inda na fi jin tsoro shi ne gurbin da aka bari wayam. Littattafanmu ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a gafaka, kalmar da ake rubutawa a ƙasan shafi ce ke nuna wanda ke biye. Warƙar farko ita ta fi saurin lalacewa, ita ce kuma mai ɗauke da sunan mawallafi. Mai fihirisa mai amana sai ya bar gurbin haka, ko ya rubuta "ana dangantawa ga wane". In ba a bayyana wa manhaja bambancin tabbas da zato ba, tana iya jingina wa Shehu abin da bai rubuta ba, a kwafa a yaɗa ta WhatsApp kafin la'asar.

Wannan bayanin ba aikin injiniya kaɗai ba ne. Masu warware ramzi suna nan a zaurukan Boɗinga da Sifawa, sai a zaunar da su gaban guraben rumbun ɗaya bayan ɗaya, a tambaye su me kowanne zai iya nufi, a rubuta amsarsu da Hausa da Larabci da Ingilishi.