Digirin Farko na Jamusanci: Wani Giɓi a Tsarin Karatu

Ɗalibin da ya shiga jami'a don karatun Jamusanci ya kan tarar an raba masa aikin gida biyu. Da fari a ɗora shi bisa nahawu, sa'an nan in ya yi ƙwari a kai shi ga adabi da tarihi, ya karanta Goethe da Schiller da Kafka. Ba mu da ja game da wannan jeri. Abin da mu ke suka shi ne abin da a ke zaɓa a kira shi al'adun Jamus, da abin da a ke bari a baya.

Ta wajen harshe, Bahaushe ya na shiga da guzurinsa. Ya saba da bambancin dogon wasali da gajere, don haka kunnensa ba ya rikita Staat, watau ƙasa, da Stadt, watau birni. Ya kuma saba da jinsin suna. Inda ya ke tuntuɓe shi ne jinsi na uku, wanda ya sa Mädchen, yarinya, ba ta cikin jinsin mace, da kuma fi'ilin da ke komawa ƙarshen jumla ƙarama. Malamin da ya bi da shi ta Turanci kaɗai ya zubar masa da wannan guzuri.

Giɓin da ya fi girma ya na wajen al'adu. Jamus ba ta tsaya a bakin kogin Rhine ba. A Berlin aka yi taron 1884 zuwa 1885 kan rabon Afirka, kuma Jamus ta mallaki Togo da Kamaru har Yaƙin Duniya na Farko. Malamanta sun yi rubutu mai yawa a kanmu. Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851. Rudolf Prietze ya buga karin magana da waƙoƙin Hausa a 1904. Adam Mischlich, wanda ya yi mulki a Kete-Krachi, ya fitar da ƙamus na Hausa a 1906, ya kuma ƙaru ƙwarai da Imam Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934.

To, waɗannan littattafai su ma al'adun Jamus ne, domin su na nuna yadda Bajamushe ya dubi baƙo, abin da ya gane da abin da ya kuskure. Mai Jamusanci marar Hausa ba zai iya auna fassararsu ba. Mai Hausa marar Jamusanci kuwa sai ya dogara da abin da wani ya gaya masa. Wanda ya haɗa biyun ne kaɗai zai ajiye Hausar Imam Umaru kusa da Jamusancin Mischlich, ya ga inda aka rage da inda aka ƙara.

Shawararmu ita ce a shekarar ƙarshe a ware darasi guda na karanta irin waɗannan matani, sashen Hausa da na Jamusanci su koyar da shi tare. In ba a yi haka ba, za mu ci gaba da yaye masu iya fassara Faust, alhali maganar kakanninmu ta na kwance cikin littattafan da ba mai buɗewa.