Hayaƙin da Ba Ya Sa Tari

A arewacin Landan, bisa wani tudu, akwai wani tafkeken gini da ake kira Alexandra Palace. Kowace shekara, wajen watan Maris, masu ƙera ƙananan layukan dogo kan cika zaurensa da kayansu na tsawon kwana biyu. Wanda ya ji labarin daga nesa zai ɗauka wasan yara ne. Yara na zuwa kam, har akan ɗora su kan 'yar kujera don su hango, amma yawancin 'yan kallon furfura ta cika kansu. Za ka gan su sun sunkuya, hannu a baya, suna ƙare wa abu kallo kamar dillalin da ke duba sa kafin ya yi tayi.

A irin wannan taro ne mutum kan ci karo da aikin da ake kira Copenhagen Fields. Wata ƙungiya mai suna The Model Railway Club ce ta gina shi, ƙungiyar da aka kafa tun 1910, kuma hedikwatarta na kusa da tashar King's Cross. Tun farkon shekarun 1980 suka soma aikin, har yau ba su ce sun gama ba. Abin da suka ɗauko shi ne yankin da jirgi ke ratsawa da zarar ya baro King's Cross ya nufi arewa, yadda yake tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, lokacin da kamfanin LNER ke riƙe da layin. Jirgi ya fito daga bakin wani rami da aka haƙa ƙarƙashin unguwa, ya bi ta ƙasan wata doguwar gada da wani layin ya haye, ya sake nutsewa cikin wani ramin. Kewaye da shi rufin gidaje ne jere-jere, da bututun hayaƙi, da masana'antu, da filin sauke kaya. Can baya ga hasumiyar agogon kasuwar shanu da aka buɗe a 1855, wato karar Landan ta wancan zamani. Hasumiyar tana nan tsaye har gobe a cikin wani lambu, kasuwar kuwa ta daɗe da tashi.

An rage komai sau 152. A wannan ma'auni ƙato mai cikakken tsayi bai fi ƙwayar gyaɗa ba, bulo guda kuwa tsawonsa bai kai milimita ɗaya da rabi ba. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogon milimita 9.42 ce. Da hantsaki da madubin ƙara girma ake aikin. Ka matso kusa da bangon wani gida, sai ka ga launin bulon bai zama ɗaya ba: wani ya yi ja, wani ya yi ruwan ƙasa, ƙarƙashin indararo kuma ga baƙin zane inda ruwan sama ya saba gangarowa. Wani mutum ne ya zauna da buroshi mai 'yan gasu ƙalilan ya zana wannan tabon, a bangon da ɗan kallo ɗaya cikin ɗari ne zai lura da shi.

Wannan sana'a, ko in ce wannan jaraba, daga kayan wasa ta samo asali. Kamfanin Märklin na Jamus ne ya fito da tsayayyun ma'aunan faɗin dogo a bajekolin Leipzig na 1891, a Ingila kuma Frank Hornby ya soma sayar da jiragen da ake yi wa wani kamar agogo a 1920. A wancan lokaci jirgin ne abin kallo, ya yi ta zagaye a kan dabe. Sai a shekarun 1930 irin su John Ahern suka juya lamarin, suka ce jirgi ba ya tafiya a sarari, dole a gina masa ƙasar da zai ratsa. Aikin Ahern, Madder Valley, yana ajiye a gidan tarihi na Pendon da ke yankin Oxford. Daga nan gini da titi da bishiya suka fara ƙwace ido daga hannun inji.

Masu wannan harka suna da kalma ɗaya da suke rantsuwa da ita, wato gaskiya, kuma a kanta suke faɗa. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a Birtaniya, wanda ake kira OO, da aibinsa aka haife shi. Injinan jirgin Birtaniya sun fi na Turai da Amurka ƙanƙanta, injinan lantarki na wancan zamani kuma ba sa shiga cikinsu idan aka rage su sau 87 kamar yadda sauran duniya ke yi. Sai aka ɗan kumbura gangar jirgin zuwa kashi ɗaya cikin 76, aka bar dogon a kan milimita 16.5. Sakamakon haka dogon ya tsuke da abin da ya kai inci bakwai in da a jirgin gaske ne. Wasu suka ce ba za su lamunta ba, suka koma shimfiɗa nasu dogon da hannu a kan milimita 18.2, wasu suka ce wannan ma da saura, sai 18.83. Shekaru aka kwashe ana ja-in-ja a mujallu kan abin da bai kai kaurin tsinken ashana biyu ba. Har laƙabi aka yi wa masu tsananin, ana ce musu masu ƙirga ƙusa, domin sukan tsaya su ƙidaya ƙusoshin da ke jikin tankin inji, in ɗaya ta ɓace su ɗaga murya.

Amma duk wanda ya tsaya gaban Copenhagen Fields ya ji kamar ya leƙa ta taga zuwa wani zamani, ba ƙusoshin ne suka kama shi ba. Dabarun rufa-ido ne. Mil guda a ma'aunin kashi ɗaya cikin 152 yana bukatar fiye da mita goma, birni kuma ba layi ɗaya ba ne, yana da zurfi. Don haka gine-ginen gaba kaɗai ke kan cikakken ma'auni. Yayin da ake ja da baya sai a riƙa ƙanƙanta su, ana kuma dusashe launinsu, har su narke cikin zanen sararin sama da ke bango. Ido ya ga nisan mil-mil, alhali in ka miƙa sanda za ka taɓo ƙarshen. Jirgin da ya shige rami kuma ba Edinburgh ya nufa ba. Bayan labule ya zagaya, inda ba gini ba fenti, sai katako tsirara da wayoyi da layuka a jere, da wasu dattawa riƙe da kofin shayi suna jiran lokacin sako na gaba. Ana tsallake tituna, ana matso da gine-ginen da a zahiri suke nesa da juna. Maƙerin da ya ƙware shi ne wanda ya san inda zai yi ƙarya don gaskiyar ta fito, kuma a ganina wannan ne ya raba aikin da za a kira fasaha da wanda awo ne kawai.

Babbar dabarar ita ce datti. Jirgi sabo fil daga kwali yana ƙyalli, kuma ƙyallin nan ne ke tona asirinsa cewa roba ce. Sai an tsufar da shi: a fesa masa baƙin kunkunniya a rufi, a ɗiga tsatsa a gindin ƙusa, a shafa maiƙo a ƙafafu, a goge harafi ɗaya-biyu daga sunan kamfani. Wani mai ɗaukar hoto a Kalifoniya, John Allen, yana cikin waɗanda suka yi fice da wannan salo. Gobara ta cinye aikinsa kwana goma bayan rasuwarsa a 1973, kusan hotuna kawai suka rage. George Sellios a jihar Massachusetts ya gina birnin shekarun 1930, zamanin karyewar tattalin arzikin Amurka, da yagaggun tallace-tallace a bango da shara a lunguna. Mawaƙin nan Rod Stewart ya shafe shekara 23 yana gina wani birnin Amurka na shekarun 1940, da dogayen benaye da masana'antu. Idan ya fita yawon waƙa yakan kama ƙarin ɗaki a otal don aikin gine-ginensa. Attajiri ne da zai iya sayen duk abin da ransa ke so, ya zaɓi ya zauna yana shafa wa kwali baƙi.

A nan ne nake da magana. Dattin nan kwalliya ce. Yankin da Copenhagen Fields ke nunawa ya haɗa da unguwar Belle Isle, wadda ta yi ƙaurin suna da sana'o'in wari: yankan tsofaffin dawakai, dafa ƙasusuwa, da makamantansu. Ga kara da mayanka a maƙwabta, ga injina na ƙona kwal dare da rana. Matar da ta shanya wanki a bayan irin waɗannan gidaje ta san da ɗigon baƙi za ta kwashe shi. Hayaƙin kwal na gidaje da masana'antu ne ya haɗu da hazo a Disambar 1952 ya kashe aƙalla mutum 4,000 a Landan cikin 'yan kwanaki, abin da ya kai ga dokar tsabtace iska ta 1956. A kan tebur kuwa kunkunniyar ba ta shiga huhu, ba wari, ba sanyi, ba mai gida da ke buga ƙofa yana neman kuɗin haya. Ɗan kallo yana tsaye daga sama, inda mazaunin unguwar bai taɓa tsayawa ba, yana ganin tsari da kyau a inda su suka ga cunkoso. Mutum-mutumin da aka dasa a tituna ma haka: jirgi na gudu, su suna nan daskare, mai ɗaga ƙafa bai sauke ba tun shekara talatin. Gogaggun maƙera sun gane wannan, shi ya sa suka fi son mai zama, da mai jingina da bango, da masu hira, waɗanda tsayuwarsu ba ta zama abin dariya.

Me ya sa kuma kullum baya ake komawa? Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma akwai ƙamshin haka. Rahoton Beeching na 1963 kan layukan dogo ya jawo rufe dubban tashoshi, a Agustan 1968 kuma jirgin tururi ya yi sallama da manyan layukan Birtaniya. Yaran da suka tsaya kan gada suna rubuta lambobin injina a littafi su ne suka girma suka cika ƙungiyoyin nan. Sai dai ba kewa ce kaɗai ba. Tsohon layin dogo ya fi ba da abin kallo: taragai ƙanana iri-iri, na kwal, na kifi, na shanu, na madara, kowanne sai an ware shi an tura shi nasa layin, ga danja mai ɗaga hannu, ga ɗakin mai juya layi. Jirgin zamani dogo ne, kamanninsa ɗaya, ya wuce fuu, shi ke nan.

Duk da wannan suka, akwai abin da ya sa ba zan raina aikin ba. Layin dogo ta bayan gida yake bi. Fadoji da manyan coci-coci da dandali suna da masu zana su da masu ɗaukar hotonsu. Bayan gidan lebura, da makewayinsa na tsakar gida, da rumbun kwal, da igiyar shanya, ba wanda ya damu da su. Mai gina irin wannan birni dole ya nemo su. Sai ya bi tsofaffin taswirori, da hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, da kundin sunayen 'yan kasuwa don ya san shagon wa ke kan wace kwana. Wani lokaci fim ne ke ceto: The Ladykillers na 1955 a daidai wannan yanki aka ɗauki wani ɓangarensa, bisa bakin ramin jirgin da ake kira Copenhagen. In ginin yana tsaye, a je a ƙirga layukan bulo don a gano tsayinsa. Da yawa daga abin da aka auna haka an rushe shi daga baya. Tarihin unguwar talaka ne aka rubuta da kwali da gam, ko da an cire masa wari.

Ina kallon wannan sai motar kara da ta langa-langa suka faɗo mini a rai, waɗanda yaranmu ke ƙerawa har da madubi da lamba da rubutun bayan mota. Idon ɗaya ne, na lura da abin da kowa ke wucewa. Sai kuma na tuna tashar Kano, inda dogo ya iso a 1911, da dalar gyaɗa da aka riƙa jerawa ana jiran tarago. Ni dai ban taɓa cin karo da ita a kan tebur ba, da 'yan dakonta da raƙumanta da jar ƙurarta. Wanda zai gina ta zai sha irin jarrabawar da na ambata, don buhun gyaɗa a ƙaramin ma'auni ba shi da nauyi a wuyan kowa.

Ƙananan biranen nan na kan tebur ba su da ƙwari. A watan Mayun 2019 wasu samari suka fasa wata makaranta a garin Stamford da dare, inda ƙungiyar Market Deeping ta shirya kayanta don bajekolin washegari, suka farfasa aikin shekaru. Jama'a suka tara musu fiye da fam 100,000, Rod Stewart ya ba da 10,000 a ciki, amma kuɗi ba ya sayo shekarun da dattijo ya zuba a gini ɗaya. Babban bajekolin Warley da ake yi a Birmingham ya tsaya bayan na 2023, masu shirya shi suka ce tsufa ya kama 'yan aikin sa-kai. A farkon 2024 kuma kantin ƙananan jirage na Hattons, wanda aka buɗe a Liverpool tun 1946, ya rufe.

Da yammacin Lahadi, idan aka tashi taro, sai a kashe wuta. A kwashe injina ɗaya-ɗaya a kwantar cikin akwati mai soso. A zare gine-ginen da ke rufe mahaɗar katako, a kwance ƙusoshi, unguwa ta rabu gida-gida. Mutum biyu su ɗauki kasuwar shanu, ɗaya na tafiya da baya yana waige, su nufi motar da ke jira a bakin ƙofa.