Sharhi Kan Saƙon "Komawa Makka": Wace Biza Ce Ta Tsufa?

Tun bayan Babbar Sallah wani saƙon murya yake ta yawo a wayoyin mutanen Hausari, na wani ejan ɗin tafiye-tafiye, yana yi wa dattawa albishir wai duk wanda ya taɓa zama a Saudiyya, ko da tarhil aka yi masa, akwai hanyar da zai koma ya ƙarasa kwanakinsa a can. Ba zan kama suna ba. Da na so in yi shiru, sai ga wani dattijo da ya yi shekara ashirin da wani abu yana ɗinki a Jidda, aka kwaso shi a kamen 2013, ya same ni a rumfata a Kasuwar Monday. Ya ce, "Liman, nemo mini mai sayen gidana, zan koma in mutu a Madina." Na ce, "Baba, bari in saurari saƙon nan tukuna." Na saurara har sau uku, ga abin da na gani.

Da farko in ba mai saƙon haƙƙinsa. Burin da ya taɓo ba abin dariya ba ne. Akwai hadisi a Tirmizi da yake kwaɗaitar da wanda ya sami iko ya cika a Madina. Mu kuma nan kan tsohuwar hanyar alhazai muke zaune. Kakanninmu da dama sun baro Kano da Katsina da Haɗeja ne da niyyar gabas, ta Fort Lamy da Abeche da Sudan har bakin Bahar Maliya, guzuri ya ƙare musu a Yerwa suka kafa gida. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru sun bi gabas ɗin nan, ga garin Mai Wurno can a Sudan shaida ne. Amma a wancan zamani raƙumi da haƙuri ake nema. Yau yatsa ake dangwalawa.

Ya fara da bizar Umara. Ya ce ka shiga da ita, "sauran kuma Allah zai yi." To, wannan "sauran" ita ce maganar gaba ɗaya, shi kuwa ya tsallake ta. Zaman bizar Umara ba ya wuce wata 3. Wanda ya zarce, dokarsu ta tanadi tara har riyal 50,000, da ɗauri har wata 6, sannan a koro shi. Tsoho mai ciwon suga da hawan jini, ba iƙama, yana tsoron zuwa asibiti kada a kama shi, wannan shi ne hutun da ake sayar masa?

Ta biyu wai bizar ziyarar dangi. Sunanta ma ya faɗi aikinta. Sai kana da wani dangi na kusa a can da zai nema maka, kuma komai sabunta ta da aka yi, baƙo kake, ranar fita tana nan. Ta uku bizar aiki. Iƙamar aiki tana rataye ne a wuyan kafili, ran da aiki ya ƙare ita ma ta ƙare. Wane kafili ne zai ɗauki mai shekara 70 aiki na gaskiya? In kuwa sayen takardar aka yi ba aiki, wannan wani laifin ne daban.

Inda ya fi ba ni haushi shi ne ta huɗu. Ya ce yanzu Saudiyya ta buɗe "iƙamar dindindin", ba kafili. Gaskiya ne an fito da ita a 2019. Amma bai faɗi kuɗin ba. Ta dindindin riyal 800,000 ce, wato sama da dala 200,000. Ta shekara-shekara riyal 100,000 duk shekara. A 2024 an ƙaro wasu rukunai, ciki har da na mai gida a ƙasar, amma gidan sai ya kai riyal miliyan 4. Don Allah gida nawa za a sayar a Hausari kafin a haɗa wannan? Faɗin rabin gaskiya a ciniki algus ne, mu 'yan kasuwa mun san haka.

Game da waɗanda aka yi wa tarhil kuwa, cewa ya yi a sake fasfo da wani suna. Haba! An ɗauki hoton yatsunka ranar da aka koro ka, yatsa kuma ba ya sake suna. A Hajjin 2025 ma sun shelanta cewa wanda aka kama ya saci hanya ba izini zai biya har riyal 20,000, a koro shi, a hana shi shiga shekara 10. Dattijon da ya ba saba'in baya, shekara goma ai ƙofar Umarar halal ɗin ma ya rufe wa kansa.

Sai abin da ya shafi ɗan karatun da na yi. Mai karɓar bizar Umara alkawari ya ɗauka cewa zai fito. Yaya za a ƙulla niyyar kyakkyawan ƙarshe a kan saɓa alkawari da sunan ƙarya? Hadisin ma ga wanda ya sami iko ya ce. A Muwaɗɗa Malik, Abu Darda'i ya gayyaci Salmanul Farisi zuwa ƙasa mai tsarki, shi kuwa ya nuna masa cewa aikin mutum ne ke tsarkake shi, ƙasa ba ta yi. Ƙarshen Suratu Luƙman kuma ya riga ya sanar da mu babu mai sanin ƙasar da zai cika.

Amma kada in ɗora wa ejan laifi duka. Me ya sa Baba yake son guduwa? Ambaliyar Alau ta Satumbar 2024 ta cinye masa keken ɗinki da rabin katanga, mu maƙwabta muka yi masa jaje muka watse. Tsohon da ake leƙawa safe da yamma ba ya saurin sayar da gidansa.

Shawarata ita ce, mai hali ya je Umara ta hanya mai lasisin Hukumar Alhazai, ya yi ibadarsa ya dawo kafin wa'adi, baɗi in da rai ya sake. Kada kowa ya sayar da gida ko ya ba ejan ko sisi sai ya ga nau'in bizar da adadin kwanakinta a rubuce, ya kai wa wanda ya iya karantawa. Kwamitin masallaci kuma mu zauna ranar Juma'a kan maganar keken Baba. Gidan dai na ce masa ban sami mai saye ba, kuma ba zan nema ba.

Allah Ya sa mu cika da imani, a Baƙi'a ne ko a Gwange. Wassalam.