Taron Hauka da majalisar da ba ta yin doka

Fim ɗin Jean Rouch, *Les Maîtres fous*, wanda ya ɗauka kusa da Akara a 1954, ya daɗe yana raba kan masu kallo. Wasu na ganin cin mutuncin baƙar fata ne, wasu na ganin izgili ne ga Nasara. Sai dai akwai wuri guda da masu sharhi kan wuce da sauri, wato inda masu borin Hauka, wani ya hau gwamna, wani janar, suka zauna taro don yanke shawara ko karen da aka yanka za a ci shi ɗanye ko a dafa. An yi gardama, an ɗaga murya, an ƙame, an yanke hukunci. Wanda ya san asalin Hauka ba zai ɗauki wannan zama da wasa ba.

A ƙasar Kurfai wannan bori ya ɓulla, wajajen 1925, ta hannun wata mata mai suna Shibo, ƴar Cikal kusa da Filinge. Mabiyansa sun ƙi biyayya ga Mayaƙi Gado Namalaya, wanda Faransawa suka ɗora bisa ƙasar, har kumandan Crocicchia ya tsare su a Yamai. A wancan zamani babu majalisar da Bakurfaye zai kai kuka. A Paris ake yanke doka da sa hannun shugaban Faransa, babban gwamna na Dakar ya zartar, gwamnan Nijar ya biyo da nasa umurni. Dokar indijena kuma ta ba kumandan ikon ɗaure talaka ko cin tararsa ba tare da alƙali ba.

Gyara ma daga can ya zo. Majalisar Faransa ce ta soke aikin tilas ran 11 ga Afrilu 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Majalisar da aka kafa a Yamai a wannan shekara kujeru 30 gare ta: 10 na rukunin masu ƴancin ɗan Faransa, waɗanda ba su taka kara sun karya ba wajen yawa, 20 na sauran jama'ar ƙasa duka. Aikinta shi ne tattauna kasafin kuɗi da haraji da ba gwamna shawara. Sai dokar Defferre ta 1956 ta haɗe rukunan biyu, ta faɗaɗa ikonta, aka zaɓi wakilai 60 a 1957.

A nan rauni fim ɗin yake. Rouch ya nuna faretin gwamnan Ingila a Akara don mai kallo ya gane abin da ake kwaikwayo, amma bai ba Kurfai da lanho da sarautar dole haƙƙinsu ba. Shi ya sa baƙo ke ganin kumfar baki da jinin kare, ya tashi bai ji ƙarar da ake kaiwa ba.

Malamin da zai nuna wa ɗalibai wannan fim, ko ƙungiyar da za ta haska shi, ya kamata su fara da tarihin Cikal. Su kuma yi hattara da kiran zauren 1946 majalisar dokoki, domin suna ne da zai sa yaro ya zaci kakanninsa sun sa baki a dokar da ta ɗaure su.