Tallar Man Wiwi a Waya: Mu Auna Maganar Kafin Mu Saya

'Yan'uwa, kwanakin nan da wuya mutum ya buɗe Facebook ko TikTok bai ci karo da masu tallar man wiwi ba, wanda suke kira CBD. Kwalba guda ce 'yar ƙarama, amma wai tana maganin sankara, ciwon suga, hawan jini, rashin barci, har da mantuwar tsufa. Sai a nuno wani sanye da farar riga irin ta likita, a biyo da wata tana rantsuwa ta warke. Mun ga ya kamata mu tsaya mu auna wannan magana.

A cikin tallar akwai gaskiya kaɗan, kuma da ita ake kama mutane. Wiwi na ɗauke da sinadarai da yawa. THC shi ne mai sa maye, CBD kuwa ba ya bugarwa. A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da maganin Epidiolex da aka tace daga CBD, domin wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke farawa tun yarinta. To amma likita ne ke rubuta shi, da awo, yana kuma bin lafiyar hantar mara lafiya, don maganin kan taɓa hanta. Ina wannan, ina kwalbar da ɗan acaɓa zai kawo maka gida? Ita wannan hukumar ta sha aika wa kamfanoni takardar gargaɗi saboda iƙirarin cewa CBD na warkar da sankara ba tare da hujja ba.

Sai abin da ke cikin kwalbar. A 2017 mujallar likitoci ta JAMA ta buga binciken kayan CBD guda 84 da aka saya ta intanet. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai abin da ke ciki ya dace da rubutun jikinsu, kuma an sami THC a guda 18. Ke nan mai cewa "ai ba ya sa maye" shi kansa bai san abin da yake sayarwa ba.

Suna kuma fakewa da doka, wai duniya ta halatta. A Disamban 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga rukuni mafi tsanani, amma ta bar shi ƙarƙashin takunkumi. A Gana ma, izinin da doka ta bayar na noma ne da lasisi, don masana'antu da magani, kuma irin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Izinin noma daban, shaidar waraka daban.

Ta fuskar shari'a, haramcin abin maye ba ɓoyayye ba ne, kuma malamai irin su Ibn Taimiyya sun sanya hashish a cikinsa tun ƙarnoni da suka wuce. Batun magani tatacce mara maye da ƙwararren likita ya rubuta, wannan mas'ala ce ta malamai da likitoci. Amma yabon haja da abin da ba ya cikinta ha'inci ne, kuma wanda ya tura tallar a zauren WhatsApp na unguwa ya taimaka a kai, ko da da kyakkyawar niyya.

Babbar asarar ita ce dattijo ya ajiye ƙwayar hawan jininsa, ko uwa ta fasa zuwa asibiti da ƙullutu a mama tana jiran mai ya narkar da shi, har lokaci ya ƙure. CBD kuma yana karo da wasu magunguna, kamar warfarin mai tsinka jini.

Don haka in talla ta iso, mu tambaya: wace hukuma ta yi mata rajista, ina lambar? Wace cuta guda aka gwada shi a kai? Sannan mu kai wa likita ko mai kantin magani mai lasisi kafin mu kai baki. Ɗalibai, ku karanta wa iyayenku wannan a gida.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mu da cin haram.