Minti Uku Kafin a Kashe Inji: Gwanintar Masu Kula da Man Jirgin Sama

Injin jirgin sama ba a kashe shi yadda aka ga dama. Ka'idar aiki da CFM56, injin da yawancin jiragen Boeing 737 masu sauka Kano da Abuja da Legas ke amfani da shi, ita ce a bar shi ya yi minti uku yana silo bayan an sauka kafin a datse masa kananzir. Wanda bai san dawan garin ba zai ce ɓarnar mai ce da ɓata lokaci. Masu sana'ar kuwa sun san cewa tsawon ran inji ya dogara sosai a kan waɗannan mintuna da kuma awar da ke biye da su. A ɗan wannan lokaci ne matuƙi da bakanike suke nuna wata gwaninta wadda fasinja ba ya gani, kuma ta cancanci a yaba mata.

Sai an fara sanin aikin man inji kafin a gane dalili. A tsakiyar injin akwai sandunan ƙarfe da ke ɗauke da fanka da layukan fukafukai, kuma mai saurin cikinsu kan yi juyi sama da 14,000 a minti ɗaya. A kan boris suke zaune, boris ɗin kuma na maƙwabtaka da wurin da zafin wuta ya haura digiri 1,000. Man da ke kula da su bai fi kimanin lita 20 ba. Famfo ɗaya na tura shi daga tanki, ya bi ta matata, ya fita ta 'yan ƙananan kafofi yana fesuwa a kan boris da haƙoran giya. Wasu famfunan kuma su kwaso shi, a sanyaya shi da kananzir ɗin da ke kan hanyar zuwa ƙonewa, a mayar da shi tanki. Santsi rabin aikinsa ne kawai. Ɗaya rabin shi ne ɗebe zafi daga jikin ƙarfe ba dare ba rana muddin inji na aiki.

Inda gizo ke saƙar shi ne, injin da kansa yake juya famfunan nan. Da ya tsaya, mai ya tsaya, iskar da ke ratsa shi ma ta tsaya, amma zafin da ƙarafan baya suka sha yana nan bai je ko'ina ba. Sai ya bi jikin ƙarfe ya gangaro kan boris, har ya zama bayan an kashe inji wurin ya fi zafi fiye da lokacin da yake aiki. Ɗan man da ya rage a bututu da bakin kafofi sai ya soyu a inda yake, ya daskare ya yi baƙi, kamar ƙanzo a gindin tukunyar da aka bari a kan garwashi. Ba rana ɗaya yake yin illa ba. Kullum yana ɗan ƙaruwa, kafar mai tana ƙara tsukewa, boris yana samun ƙasa da rabonsa, har ranar da wani ɓarɓashi zai ɓalle ya toshe hanya. Minti ukun silo maganin wannan ne: wuta ta ragu, mai da iska suna ci gaba da zagayawa, zafi ya sauka ya daidaita kafin komai ya tsaya.

Ƙwararren matuƙi tun daga kan titin sauka yake fara lissafi. Ya san tafiyar da jirgi ke yi a hankali zuwa wurin tsayawa tana shiga cikin minti ukun. In filin ƙarami ne, aka iso da wuri, sai ya duba agogo ya jira, ko da fasinjoji sun miƙe sun fara sauke jakunkuna. In kamfani na son a kashe inji ɗaya a hanya don tattalin kananzir, ba zai taɓa makunnin ba sai lokaci ya cika. Matuƙin jirgi mai saukar ungulu ya fi kowa buƙatar wannan haƙuri, domin shi ba ya da doguwar tafiyar ƙasa. Daga cikakken ƙarfi yake dira. Shi ya sa a samfurin Bell 206 ake zama minti biyu cur ana silo. Har ƙaramin injin da ke wutsiyar jirgin fasinja, mai ba da lantarki da iska a ƙasa, an tsara shi ya ƙara kimanin minti ɗaya yana hucewa bayan an danna masa kashewa. Ana datse kananzir kuma ba a ɗauke ido daga geji: ana kallon matsin mai yana sauka, zafi yana sauka, ana kuma sauraron yadda inji ke mutuwa. Injin da ya tsaya da wuri fiye da yadda ya saba, ko ya yi wata ƙara ta gogayya, ya riga ya faɗi ciwonsa.

Daga nan aiki ya koma hannun bakanike, kuma shi ma agogo ne ubangidansa. Ba ya buɗe murfin tanki da zarar fanka ta tsaya, domin akwai sauran matsi a ciki, mai kuma na da zafin da zai saɓule fata. Sai ya ba shi aƙalla minti biyar. Ba ya kuma yin nawa, domin in inji ya daɗe a kashe, wani ɓangare na man kan silale daga tanki ya koma akwatin giya. Mai duba shi a lokacin zai ga kamar ya ragu, ya ƙara, gobe a tayar da inji ɓoyayyen man ya dawo, tanki ya cika ya tumbatsa, rarar ta fita ta bututun numfashi ko ta tsallake sil ta shiga iskar da ake shaƙa a cikin jirgi. Saboda haka kowane inji da iyakar lokacinsa a littafi. A manyan injuna kamar CFM56 ba a wuce awa guda, wasu ƙananan injuna masu farfela kuwa mintuna kaɗan kawai suke bayarwa. In lokacin ya kuɓuce, sai a juya injin ba tare da wuta ba don man ya koma mazauninsa, sannan a auna.

Ka tsaya kusa da shi ka ga yadda yake yi. Zai buɗe 'yar ƙofar da ke gefen injin, ya haska tocila a gilashin geji, ya sunkuyo daidai da layin don kada ido ya yaudare shi. Da safar hannu yake aiki, don man haɗi ne na masana'anta, ba irin baƙin man mota ba, kuma yana cutar da fata. Zai goge saman gwangwani kafin ya huda, ya tabbatar irin man da littafin jirgin ya ce ne, ya zuba a hankali. Gwangwanin da aka buɗe ba a ajiye shi sai gobe, don man na jan damshi da ƙura. Yana buɗe murfi kuma hancinsa na aiki: in ya ji warin kananzir, ko ya ga mai ya ƙaru alhali ba wanda ya ƙara, to wurin sanyayawa ya huje, mai biyu sun haɗu. Ya gama, ya rufe, ya sake taɓa murfin ya ji ya kama, sannan ya rubuta adadin da ya zuba. Wannan rubutu ba cika takarda ba ne. Daga shi ake gane injin da ya fara shan mai fiye da yadda ya saba tun kafin kowace fitila ta kama a gaban matuƙi.

Akwai kuma wani ɗan toshe mai maganaɗisu da ke kan hanyar dawowar mai. Duk ƙarfen da ya goge daga boris ko giya, a jikinsa yake maƙalewa. Gwani na ciro shi ya duba da madubin ƙara girma. Laushin gari mai toka-toka gogayya ce ta yau da kullum, amma ɓawo mai ƙyalli alama ce boris ya fara ɓarewa, kuma jirgin ba zai tashi ba sai an bincika. In za a ɗebi mai a kai ɗakin gwaji, da ɗuminsa ake ɗiba jim kaɗan bayan kashe inji, kafin abin da ke cikinsa ya kwanta.

Abin da ya faru ranar 5 ga Mayu, 1983 ya nuna nauyin wannan aiki ta fuska biyu. Jirgin Eastern Air Lines samfurin Lockheed TriStar, mai inji uku, ya tashi daga Miyami a Amurka zuwa Nasso ta Bahamas da mutum 172. Kafin tashinsa an sauya waɗannan toshe masu maganaɗisu a injunan uku, amma an ɗaura su babu zoben robar da ke hana yoyo. Suna saukowa kusa da Nasso fitilar matsin mai ta inji na biyu ta kama, matuƙan suka kashe shi nan take suka juya. A hanya na uku ya mutu, na ɗaya ya bi shi, jirgi ya yi ta gangarowa kan teku babu inji ko ɗaya. Wanda suka kashe da wuri, tun bai ƙone ba, shi ne ya yarda ya sake tashi, kuma da shi suka sauka Miyami ba wanda ya rasa ransa. Zoben roba da bai kai girman kwabo ba ya kusa hallaka su, sanin lokacin kashe inji kuma ya zama sanadin tsirarsu.

Kulawar ba ta ƙarewa da tafiyar fasinja. Inji a kashe iska na iya juya fankarsa ko farfelarsa alhali famfo ba ya ba da mai, don haka ake ɗaure farfela a rufe bakin inji, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. A tsofaffin injunan fistin masu zagaye irin na jirgin DC-3, mai kan tsiyaya ya taru a silindojin ƙasa, shi ya sa ake juya farfela a hankali kafin tayarwa, kada fistin ya daki man da ba ya matsuwa ya lanƙwasa sanda. Sababbin injuna ma ba su tsira ba. Zafi na taruwa a saman injin bayan an kashe, sandar tsakiya ta ɗan karkace, sai an juya ta a hankali ta miƙe kafin a kunna wuta. Wannan matsala ce ta sa injin Pratt & Whitney na Airbus A320neo ya riƙa daɗewa wajen tashi a 2016.

Irin wannan ilimi ake koya wa matasa a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da takwarorinta na duniya. Littafi na ba da lambobi, malami na nuna hanya, amma abin da ke raba gwani da ɗan koyo hali ne: ya jira in lokaci bai yi ba, ya hanzarta in lokaci na ƙurewa, ya rubuta gaskiyar abin da ya gani ko da za ta hana jirgi tashi. Mai wannan hali amanar rayukan jama'a ce a hannunsa, kuma ya kamata kamfanoni da hukumomi su ba shi lokaci da kayan aiki da martabar da ta dace da nauyin da ya ɗauka.