Jinjina ga Masu Koya wa Yara Riƙon Na'urar Ji

Likitan kunne yakan gwada yaro ya ba shi na'urar ji. Aikin da ya rage na shekaru ne, kuma yana wuyan iyaye mata da malaman makaranta. Su nake yi wa jinjina.

Da farko fizge na'urar yaro yake yi ya jefar. Uwa ta ɗauko ta mayar, ya sake cirewa, ta sake mayarwa, ba faɗa ba tsawa. Sannu a hankali ta koya masa cewa mai jar alama ta kunnen dama ce, mai shuɗiya ta hagu. Ta riƙe hannunsa har ya iya cusa robar da aka yi daidai kunnensa, ya gane in na'urar tana fito, to robar ba ta zauna ba. Ta nuna masa canjin batir, da goge dauɗar kunne, da ajiye na'urar cikin mazubin busarwa da dare, domin gumi yana lalata ta. Batiran kuwa a ɓoye su, haɗiye su haɗari ne ga ƙannai.

Da safe malami ya kare bakinsa ya furta sautuka 6 na gwajin Ling, yaro ya maimaita, domin a tabbatar yana ji da na'urar. Ranar da yaron ya ce da kansa, "Malam, tawa ta mutu," haƙurin nan ya biya. Ba domin uwa da malami ba, da na'urar tana cikin akwati, darasi yana wuce yaron.

In akwai irin wannan uwa a unguwarku, ku gaishe ta da aiki, ku saya mata batir.